Ruwan da Ke Wanke Ƙwaƙwalwa: Me Ya Tabbata, Me Ake Jayayya a Kai?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a wayoyin jama'a, musamman a WhatsApp da Facebook, cewa wai masana sun gano barci yana wanke dattin ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya kwanta a gefensa ya yi barcin awa takwas ya tsira daga ciwon mantuwa. Wasu ma ba su tsaya nan ba, sun jingina wa maganar tallar wani garin magani ko ganyen shayi da suka ce shi ma yana yin wannan wankin. Aikina shi ne koyar da ɗaliban jinya yadda gaɓoɓin jiki suke aiki, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, da sai a yi watsi da ita a huta. Akwai bincike na gaske a ƙarƙashinta, sai dai an cuɗanya abin da ya tabbata da abin da masu binciken kansu suke sa-in-sa a kai har yau, sannan aka ƙara gishiri.

Bari in fara da abin da babu gardama a cikinsa. Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum kusan kilo 1.4 ne, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa idan mutum yana hutawa. Ba a zaune take daram a kan ƙashin ƙoƙon kai ba, tana lilo ne a cikin wani ruwa garai-garai marar launi, wanda ya kewaye ta ya kuma gangara ya kewaye laka har zuwa ƙugu. A kowane lokaci yawan wannan ruwa a jikin babban mutum kusan mililita 150 ne, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kowace rana, kwatankwacin ledar fiya wata guda. Wannan yana nufin ana sabunta shi gaba ɗaya sau uku ko huɗu tsakanin safiya da wata safiyar, kuma tun da ƙoƙon kai ba ya faɗaɗa, dole ne gwargwadon abin da aka samar ya zama shi ne gwargwadon abin da ya fita.

Ana tace ruwan ne daga jini a cikin wasu ramuka huɗu da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wasu tarin ƙananan jijiyoyin jini masu tantani suke fitar da shi dare da rana. Daga manyan ramuka biyu na dama da hagu sai ya gangara zuwa na uku, ya bi ta wata siririyar hanya zuwa na huɗu da ke kusa da ƙeya, daga nan ya fita ta ƙofofi uku ya bazu a tsakanin tantanin da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Wani likitan birnin Naples na Italiya, Domenico Cotugno, shi ya yi bayaninsa dalla-dalla a shekarar 1764, kuma ya lura cewa abin da ya ɓoye shi ga magabatansa shi ne al'adarsu ta fara cire kan gawa kafin su buɗe ta, ruwan ya tsiyaye ba su sani ba. Littattafan da muka karanta, waɗanda kuma har yanzu ake koyarwa da su, sun ce aikin ruwan shi ne kare ƙwaƙwalwa daga buguwa da rage mata nauyi, sannan ya koma cikin jini ta wasu ƙananan sassan tantani da suka tsiro suka kutsa cikin manyan hanyoyin jini na saman kai. Duk wannan gaskiya ne, amma bai amsa wata tambaya ba.

Duk gaɓar da ke aiki tana fitar da datti, wato ragowar furotin da sauran abubuwan da ƙwayoyin halitta suka gama amfani da su. A sauran sassan jiki akwai wasu siraran hanyoyi dabam da na jini, waɗanda suke kwashe wannan datti tare da ruwan da ke tsakanin tsoka su kai shi ga ƙullutun da ke wuya da hamata da matsematsi, inda ake tace shi. Kowa ya san waɗannan ƙullutu, domin su ne suke kumbura su zama kaluluwa idan mutum ya ji rauni a ƙafa. To, a cikin naman ƙwaƙwalwa babu irin waɗannan hanyoyi, alhali tana cikin gaɓoɓin da suka fi cin kuzari. Ta ina nata dattin yake fita? Amsar da aka daɗe ana bayarwa ita ce yana watsuwa ne da kansa, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, har ya isa ga ruwan da ke kewaye. Sai dai irin wannan watsuwa tana da nawa ƙwarai idan abin da zai fita babba ne kuma tazarar tana da tsawo. Tun a shekarun 1970 wata masaniya a Jami'ar Brown ta Amurka, Helen Cserr, ta nuna alamun cewa ruwan da ke cikin naman ƙwaƙwalwa gudana yake yi, kuma a 1985 Marshall Rennels da Patricia Grady na Jami'ar Maryland suka ba da rahoton cewa ruwan yana kutsawa cikin ƙwaƙwalwa da sauri ta gefen jijiyoyin jini. Ba a ɗauki maganarsu da muhimmanci ba, domin a lokacin sai an kashe dabba an yanka ƙwaƙwalwarta kafin a duba, kuma masu suka sun ce ta yiwu yankan ne ya watsa rinin.

Gani ya kori ji a shekarar 2012, lokacin da Maiken Nedergaard, 'yar ƙasar Denmak da ke aiki a Jami'ar Rochester ta jihar New York, tare da Jeffrey Iliff da sauran abokan aikinsu, suka yi amfani da wani madubin ƙara girma mai aiki da hasken lesa suka leƙa cikin ƙwaƙwalwar ɓera yana raye. Sun buɗe 'yar taga a ƙoƙon kansa suka rufe ta da gilashi, suka zuba rini mai ƙyalli a cikin ruwan da ke taruwa a gindin ƙeya, sannan suka zuba ido. Rinin bai tsaya a saman ƙwaƙwalwa ba. Ya bi bayan jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya, ba ta cikinsu ba, ta wani siririn fili da ke kewaye da kowace jijiya, ya nutsa da su har cikin nama, ya gauraya da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, daga baya kuma ya bayyana a gefen jijiyoyin da ke mayar da jini. Shi wannan fili ba sabon abu ba ne, Rudolf Virchow na Jamus da Charles Robin na Faransa sun bayyana shi tun a shekarun 1850, amfaninsa ne ba a sani ba. Bangon filin kuwa wasu ƙwayoyin halitta ne masu siffar tauraro suke gina shi da ƙafafunsu, kuma a kan ƙafafun akwai ɗimbin ƙananan ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin-4. Da aka gwada ɓerayen da aka haifa ba tare da waɗannan ƙofofi ba, sai fitar da datti ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan tsari shi suka raɗa wa suna gilimfatik.

Bayan shekara guda, a 2013, sai wannan tawaga ta wallafa a mujallar Science binciken da ya haifi maganar da ke yawo a wayoyinmu. Sun koya wa ɓeraye yin barci a ƙarƙashin madubin, suka kwatanta shigar rini lokacin da ɓera yake barci da lokacin da aka tashe shi. Rinin ya shiga sosai a cikin barci, ya kusan tsayawa cak a farke. Sun auna filin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ga ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 a lokacin barci, kuma wani furotin mai suna amiloyid-beta ya fita da saurin da ya ninka na farke. Wannan furotin shi ne yake taruwa ya daskare a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba a cikin cututtukan da mu muke haɗawa mu kira gigin tsufa. Ba abin mamaki ba ne da labarin ya karaɗe duniya, domin ya zo da amsa mai sauƙin fahimta ga tsohuwar tambayar nan ta me ya sa kowace dabba take barci duk da haɗarin da ke tattare da gushewar hankali.

A 2015 kuma aka cike wani giɓi. Tawagar Jonathan Kipnis da Antoine Louveau a Jami'ar Virginia, da ta Kari Alitalo da Aleksanteri Aspelund a Helsinki ta ƙasar Finlan, kowacce a gefenta, suka gano cewa irin hanyoyin nan masu kai datti ga kaluluwa suna nan a cikin tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma suna gangarawa ne zuwa ƙullutun wuya. Wani Ba'italiye, Paolo Mascagni, ya zana su tun a 1787, aka ce kuskure ya yi, aka manta da shi fiye da shekara 200. A 2017 masana a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ɗauki hoton waɗannan hanyoyi a kan mutane masu rai da na'urar MRI. Wannan ɓangare ya zauna da gindinsa, har ya fara shiga littattafan koyarwa.

Mai karatu zai lura cewa yawancin abin da na ambata a kan ɓera aka yi shi, kuma ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ɗaya ba. A kan mutum fa? Akwai shaidu, amma ba su da yawa, kuma kusan dukkansu mutane ƙalilan aka gwada. A 2019 Laura Lewis da Nina Fultz na Jami'ar Boston suka sa mutum 13 barci a cikin na'urar MRI, suka ga cewa a lokacin barci mai nauyi, bayan kusan kowace daƙiƙa 20, jini yana ɗan janyewa daga ƙwaƙwalwa, sai wata igiyar ruwa ta kwararo cikin rami na huɗu ta cike gurbinsa. Sun ga motsin ruwa ne, ba su auna fitar datti ba. A 2018 wani bincike a kan mutum 20 ya nuna cewa hana barci na dare ɗaya ya ƙara amiloyid-beta da kusan kashi 5 cikin 100 a wasu sassan ƙwaƙwalwa. A birnin Oslo na ƙasar Nowe, likitoci biyu, Per Kristian Eide da Geir Ringstad, sun zuba wa marasa lafiya rinin da MRI ke iya gani ta ƙashin baya, suka bi sawunsa har ya ratsa ƙwaƙwalwa, kuma a 2021 suka ba da rahoton cewa waɗanda aka hana barci rinin ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwarsu, barcin daren da ya biyo baya ma bai rama abin da aka rasa ba. A 2024 likitoci a jihar Oregon suka nuna hoton rini yana bin gefen jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwar mutum 5 da aka yi wa tiyatar cire ƙari.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Tun a 2017 Alan Verkman da Alex Smith na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka maimaita gwajin ƙofofin ruwan nan suka ce su ba su ga bambanci ba, kuma a ganinsu watsuwa da kai ta isa ta bayyana motsin datti a cikin nama. Wasu ɗakunan bincike sun haɗu sun mayar musu da martani a 2018 da sakamakon da ya goyi bayan na Rochester. Sai kuma a watan Mayu na 2024 Nicholas Franks da William Wisden na Imperial College da ke Landan suka wallafa a mujallar Nature Neuroscience wani sakamako da ya juya maganar gaba ɗaya. Su a cikin naman ƙwaƙwalwar ɓera suka sa rinin kai tsaye, suka auna yadda yake barin wurin, suka ce fitarsa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a lokacin barci, da kusan kashi 50 idan an gusar da hankalin ɓeran da maganin tiyata. Hujjarsu ita ce ganin rini ya shiga ƙwaƙwalwa da yawa a cikin barci ba ya tabbatar da cewa datti yana fita da yawa, domin ta yiwu rinin ya taru ne saboda fitarsa ta yi nawa. Nedergaard da magoya bayanta suka soki hanyar gwajin, suka ce tsira allura da zuba ruwa a cikin nama yana dagula tsarin da ake son aunawa. A watan Janairu na 2025 suka fito da sabon bincike a mujallar Cell, wanda Natalie Hauglund ta jagoranta, inda suka nuna cewa a barci mai nauyi wani sinadari mai suna norefinefirin yana hawa da sauka bayan kusan kowace daƙiƙa 50, yana sa jijiyoyin jini su tsuke su saki, kuma wannan tsukewa da saki ne yake tura ruwan.

Idan aka tambaye ni, na fi karkata ga cewa barci yana taimaka wa wannan aiki, saboda shaidun da aka samu a kan mutane, duk da ƙarancinsu, sun fuskanci alƙibla guda, kuma ta hanyoyi dabam-dabam aka same su. Amma tambayar da mutanen Landan suka ɗora tambaya ce mai nauyi, kuma ba a kore ta da yawan masu goyon baya. Abin da za a iya faɗa da baki cike shi ne ruwan yana nan, hanyoyinsa na gefen jijiyoyi suna nan, mafitarsa zuwa wuya tana nan. Batun ko barci yana ƙara saurin wankin, da kuma da wane gwargwado, da sauran rina a kaba. Jaridar da ta rubuta cewa "masana sun tabbatar" ta faɗi abin da masanan ba su faɗa ba.

Maganar kwanciya a gefe ta fi kowacce rauni. Tushenta bincike ne na 2015 a Jami'ar Stony Brook, inda aka gusar da hankalin ɓeraye aka kwantar da wasu a gefe, wasu rigingine, wasu rub da ciki, aka ga rini ya fi tafiya a cikin na gefe. Dabba ce mai ƙafa huɗu, wadda tsarin wuyanta da zuciyarta ya bambanta da namu, kuma ba barcin gaske take yi ba. Na ga masu haɗa wannan bincike da kwanciya a gefen dama da addini ya koyar. Wanda yake kwanciya haka don koyi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da hujjarsa cikakkiya, ba ya buƙatar shaidar ɓera, kuma bai kamata a rataya abin da yake tabbatacce a kan sakamakon da wani ɗakin bincike zai iya rushewa baɗi ba.

Haka nan alƙawarin tsira daga ciwon mantuwa. Gaskiya ne wani dogon bincike a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 8,000, waɗanda aka bi rayuwarsu kimanin shekara 25, ya nuna a 2021 cewa masu barcin awa shida ko ƙasa da haka lokacin da suke da shekara hamsin zuwa sittin a duniya sun fi sauran kamuwa da ciwon da kusan kashi 30 cikin 100. Sai dai tafiya tare ba ita ce haddasawa ba, domin cutar Alzheimer tana fara ɓarna shekaru da yawa kafin a ga alamarta, kuma lalacewar barci tana iya zama ɗaya daga cikin alamunta na farko. Ciwon mantuwa ba shi da sanadi guda. A nan gida Najeriya, binciken da likitocin Jami'ar Ibadan, irin su marigayi Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka yi tare da Hugh Hendrie na Amurka ya nuna a 2001 cewa yawan sabbin masu kamuwa da cutar Alzheimer a cikin tsofaffin Yarbawan Ibadan bai kai rabin na tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indianapolis ba, kuma daga cikin abubuwan da suka bambanta ɓangarorin biyu akwai yawan hawan jini da ciwon sukari a wancan gefen.

Hawan jinin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya shafi motsin ruwan kai tsaye. A 2018 tawagar Rochester ta bi sawun wasu ƙananan ƙwayoyi a gefen jijiyoyin ɓera, ta ga suna matsawa gaba ne da kowane bugun zuciya, wato motsin bangon jijiya ne yake tura ruwan. Da aka tayar wa ɓeran da hawan jini sai yanayin motsin bangon ya canza, ruwan ya riƙa komawa baya, tafiyarsa ta ragu da abin da ya kai kashi 40 cikin 100. Wannan ma ɓera ne, amma ba ma buƙatarsa kafin mu san illar hawan jini ga ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki da muke gani a gidajenmu ta ishe mu. Mutumin da yake da kuɗin sayen shayin wanke ƙwaƙwalwa, gara ya kai su a auna jininsa. Kuma kada wani ya ji an yabi barci ya nufi kemis ya sayo ƙwayar sa barci, domin a cikin binciken 2025 ɗin nan, maganin zolpidem ya sa ɓeraye barci da wuri, amma ya danne hawa da saukar sinadarin da ke tura ruwan, tafiyarsa ta ragu.

Malam Edita, abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna yayata ɓangaren da ake jayayya a kai, mun bar ɓangaren da ya tabbata fiye da shekara ɗari, wanda kuma shi ne yake raba rai da mutuwa a ƙasarmu. Muna zaune ne a tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Sanƙarau ba wani abu ba ne illa kumburin tantanin nan da ruwan yake gudana a tsakaninsu, idan ƙwayar cuta ta shiga ta hayayyafa. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, kuma ta 2017, wadda ta fara daga Zamfara ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ta ci rai sama da 1,000. Hanyar tabbatar da cutar da gane irin ƙwayar da ta kawo ta ita ce ɗibar kaɗan daga ruwan ta ƙashin baya, dabarar da wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya fito da ita a 1891. Ana kwantar da majinyaci a gefensa ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a wanke wurin, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, a tari ruwan yana ɗiga a cikin 'yar kwalba. Na lafiyayyen mutum garai yake fitowa, na mai sanƙarau kuwa sau da yawa a gurɓace, har ido yana iya ganewa kafin a kai shi ɗakin gwaji.

Duk ma'aikacin jinyar da ya yi aiki a ɗakin yara ya san yadda iyaye suke ja da baya idan aka ambaci wannan allura. Za ka ji uba yana cewa, "Likita, a yi masa komai, amma ban da ɗibar ruwan baya," domin an gaya masa cewa ruwan ba ya dawowa, ko yaron zai shanye, ko kuma wane da aka ɗibar wa bai kwana ba. Abin da ake ɗiba 'yan mililita ne, jikin babban mutum kuwa yana samar da kusan mililita 20 a kowace awa, saboda haka gurbin yana cikewa cikin ɗan lokaci. Akan samu ciwon kai bayan an yi, kuma akwai yanayin da likita da kansa zai ƙi yi, kamar idan ya ga alamar matsi ya yi yawa a cikin kai. Wanda ya rasu bayan allurar kuwa, galibi an kawo shi ne bayan cutar ta ci ƙarfinsa, sai laifin ya faɗa kan abin da aka gani na ƙarshe.

Wani abin da sanin hanyar ruwan yake bayyanawa shi ne jariran da kansu yake ta girma fiye da kima. Idan siririyar hanyar nan ta toshe, ko tun daga haihuwa ko sakamakon tabon da sanƙarau ya bari, samar da ruwa ba ya tsayawa, sai ya taru ya buɗa ramukan, kuma da yake ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kan ya faɗaɗa, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Ba aikin iska ba ne, ba kuma baki ba ne, toshewa ce, kuma likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna sa siririn bututu a ƙarƙashin fata ya kwashe rarar ruwan zuwa ramin cikin yaron, ko su huda wata sabuwar mafita a ƙasan rami na uku. Gwargwadon saurin kai yaro, gwargwadon abin da za a ceto na ƙwaƙwalwarsa. Akwai irin wannan a tsofaffi ma, wanda wani likitan ƙasar Kolombiya, Salomón Hakim, ya bayyana a tsakiyar shekarun 1960. Tsoho zai fara jan ƙafa kamar an manne ta da ƙasa, fitsari ya riƙa kufce masa, mantuwa ta biyo baya, iyali su ce tsufa ne su haƙura. Kansa ba ya girma domin ƙashi ya riga ya haɗe, hoto ne kaɗai yake nuna ramukan sun buɗe, kuma da yawa daga cikin masu wannan lalura tafiyarsu tana gyaruwa bayan an sa musu bututun.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida, kafin zafin bazara ya kankama, wato lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa, ta tura wakilinta ya zauna da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su yi wa jama'a bayani da Hausa a kan yadda ake ɗibar ruwan baya, da alamun da ya kamata uwa ta lura da su a kan jaririnta, da inda za a kai tsohon da tafiyarsa ta canza. Idan kuma za a kawo labarin wani sabon bincike a kan barci da ƙwaƙwalwa, a daure a faɗa wa mai karatu tun a sakin layi na farko ko a kan mutum aka yi shi ko a kan ɓera, da kuma mutum nawa aka gwada.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai koyar da ɗaliban jinya,
Zariya, Jihar Kaduna.